Allurar kashe zafi kafin a tsaga karkare

Malama, kin tambaya ko za ki ji zafi idan aka tsaga miki karkaren nan a Babban Asibitin Daura. A'a. Allurar lidocaine, wato maganin kashe zafi, ake yi a gindin yatsa, gefe da gefe, inda jijiyoyi suka bi. Cikin minti 5 zuwa 10 yatsan ya mutu murus, kuma yakan kai awa 1 zuwa 2 a haka. Sukar allurar da shigar ruwanta ne kawai ke da raɗaɗi.

Ba a yin ta a bakin ciwon don inda mugunya ta taru maganin ba ya kamawa sosai. Na sha ganin masu garajen tsagawa tun allurar ba ta kama ba. Ke dai ki bari sai an tsikari kan yatsan kin ji dannawa kawai, ba zafi. Zoben nan kuwa, cire shi tun a gida.