Tsohuwar caja da iPhone 15

Kana tambaya ko tsohuwar cajarka ta iPhone za ta yi wa iPhone 15. Igiyar kam ba za ta shiga ba, domin a 2023, daga kan iPhone 15, Apple ya bar tsohon ramin caji mai suna Lightning ya koma wani mai suna USB-C. Amma kada ka yar da kan cajar: in mai ramin USB-C ne, wat 20, cikin kamar minti 30 batir zai kai rabi.

In ɗan ƙaramin nan ne mai wat 5, sai ka nemi igiyar USB-A zuwa USB-C, kuma tafiyar hawainiya zai yi. A mota, da caja marar ƙarfi irin wannan, abin ya fi muni: kunna Google Maps, ga GPS ga hasken allo, sai ka ga batir ya tsaya cik alhali wayar na jone.