Amsa ga 'yar'uwar da ke tambaya kan kai kuɗin haya baiko

Salama 'yar'uwa. Tun jiya da na karanta tambayarki barci ya ƙaurace mini. Kin ce baƙon mai wa'azi a taron farkawa ya ce kowa ya kawo baikon da zai yi masa ciwo, ke kuma kuɗin haya kaɗai ke hannunki, saura wata biyu, kina tsoron in kin riƙe rashin bangaskiya ne. Ni na kai nawa, bari ki ji.

A 2022 ne. Ranar 1 ga Yuni gwamnatin Legas ta hana acaba a su Surulere da Ikeja da Apapa, ba a rufa wata ba aka ƙwace mashin ɗin baban yara. Ni ce ke sayar da kunu da awara a Idi-Araba, ina tara na haya a gwangwanin madara, naira dubu 180 na shekara. Maƙwabciya ta ja ni wani taron dare, ba ma a cocinmu ba. Mutumin nan, farar kwat, takalmi na ƙyalli, ya ɗauko labarin Iliya da gwauruwar Zarefat, ya ce akwai mace a nan da mijinta ya rasa sana'a, ta shuka iri, wato ta kawo baikon kuɗi, cikin kwana 21 za ta ga al'ajabi. Jikina ya hau rawa. Sai daga baya na tambayi kaina, a unguwar nan a lokacin, wane layi ne babu irin wannan macen?

Na kwashe kuɗin hayan na kai, ban faɗa wa mijina ba. Har yau wannan ya fi cin raina. Ranar da ya buɗe gwangwanin ya ga wayam, da ya yi faɗa da na ji sauƙi. Zama ya yi a bakin katifa yana jujjuya murfin, can ya ce, "Maman yara, duka?" Kwana 21 suka wuce, 40 suka wuce. Mai gida ya zo da kafinta ya cire mana ƙofar ɗaki, ga ruwan Legas, muka rataya zane, sauro ya cinye yaran. Lambar mutumin kuwa a kashe. Na yafe masa, amma wallahi in na ga farar kwat gabana faɗuwa yake.

Wadda ta cece mu wata Mama ce a Zumuntar Mata, gwauruwa, tana sarin tattasai a Mile 12. Kwasar adashinta ta ƙullo a leda, ta tura mini ƙarƙashin tabarma, ta ce kada in ji kin faɗa. Kuɗin motar zuwa gida Kirsimeti ne fa. Shekarar ba ta ga jikokinta ba. Ita ma baikon ya yi mata ciwo, amma nata ta bayar, kuma ba wanda ya yi mata alkawarin riba.

Ki buɗe 2 Korintiyawa 9:7, Bulus ya ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba. A 8:12 kuma ya ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum ke da shi. Kuɗin haya naki ne? Na mai gida ne, ajiya kawai kike yi. Za su kawo miki gwauruwar Markus 12 mai anini biyu. To ita wa ya kira ta gaban jama'a da lasifika? Ki duba 1 Timoti 5:8 ma kan kula da iyali.

Kuma in aka fitar da ke, sabon ɗaki sai kin biya ejan, kin biya na takarda, ga haya ta hau tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ejan-ejan nan ma sai addu'a, wani ya taɓa cin kuɗina na ganin ɗaki har sau biyu.

Don Allah ki faɗa wa mijinki yau. Ki samu dattawan ikkilisiyarku, waɗanda za ki gani gobe da jibi. Ban ce ki daina bayarwa ba. Ni ina fitar da zakkata, kuma duk ƙarshen wata mukan bar nama sati guda, in auni mudun shinkafa in kai wa Maman nan. Kullum sai ta yi mini faɗa kafin ta karɓa.