Me Ya Sa A Amurka Mai Rinjayen Ƙuri'u Kan Iya Faɗuwa Zaɓe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar kimiyyar siyasa ce. Na karanta cewa a 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump ƙuri'u, amma shi aka rantsar. Shin ba maguɗi ba ne wannan? In kuma haka dokarsu take, me ya hana su gyara ta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba maguɗi aka yi ba, doka aka bi, kuma dokar ce Amurkawa suka daɗe suna ta cacar baki a kanta.

Ba'amurke in ya shiga rumfar zaɓe, sunan ɗan takara yake gani a takarda, amma ƙuri'arsa wakilan zaɓe na jiharsa take zaɓa, su kuma su zaɓi shugaban ƙasa. Kusan irin aikin daliget ne a zaɓen fid da gwani. Kowace jiha tana da wakilai daidai da yawan 'yan majalisar wakilanta, a haɗa da sanatocinta biyu. 'Yan majalisar wakilai 435 ne, sanatoci 100, sai kujeru 3 na babban birnin ƙasar, Washington. Jimilla 538, kuma wanda ya kai 270 shi ya ci. Kalifoniya na da 54, Teksas 40, Filorida 30, ƙananan jihohi irin su Wayomin kuwa uku-uku. Wakilan suna zama a manyan biranen jihohinsu a watan Disamba su jefa tasu ƙuri'ar, majalisar dokoki ta ƙidaya ranar 6 ga Janairu.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda jihohi ke raba wakilan. A jihohi 48, wanda ya zo na ɗaya, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce, shi ke kwashe wakilan jihar kaf. Maine da Nebraska ne kaɗai ke raba wani ɓangare bisa mazaɓu. Shi ya sa a 2016 Clinton ta tsere wa Trump da ƙuri'u kusan miliyan 2.9 a faɗin ƙasa, amma bai amfane ta ba. Ta tara tulin ƙuri'u a Kalifoniya, inda ko da ƙaramar tazara wakilan nata ne, shi kuma ya sha da ƙyar a Mishigan da Pensilbaniya da Wiskonsin, da tazarar da in an haɗa ta duka ba ta kai 80,000 ba. Aka tashi Trump na da wakilai 304, Clinton 227. A 2000 abin ya fi haka ƙunci: Al Gore ya fi George W. Bush ƙuri'u sama da rabin miliyan, amma tazarar 537 a Filorida ta ba Bush wakilan jihar, bayan Kotun Ƙoli ta dakatar da sake ƙirga. Sau biyar irin haka ta faru a tarihinsu, sauran ukun a 1824 da 1876 da 1888.

Asalin tsarin taron Filadelfiya ne na 1787, inda aka rubuta kundin tsarin mulki. James Wilson, ɗaya daga cikin mahalarta taron, ya so jama'a su zaɓa kai tsaye, wasu suka so majalisa ta zaɓa, aka sasanta a kan wakilai. An kawo hujjar faɗin ƙasa da wahalar isar labari a wancan zamani, da tsoron da ƙananan jihohi ke yi na a danne su. Akwai kuma dalilin da masu yabon tsarin ba su cika son a tono ba, wato bauta. Bayi ba sa zaɓe, don haka da ƙuri'ar kai tsaye za a yi, jihohin Kudu za su yi baya, kuma James Madison, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, da kansa ya faɗi haka a taron. Da aka yarda a ƙirga kashi uku cikin biyar na bayi wajen raba kujerun majalisa, sai wannan ƙarin ya bi Kudu har cikin wakilan zaɓe. A shekaru 36 na farkon shugabancin ƙasar, 32 'yan Bajiniya, jihar Kudu, masu bayi ne suka yi su a kan mulki.

Masu kare tsarin a yau suna cewa Amurka tarayyar jihohi ce, kuma bai kamata manyan birane su riƙa yanke wa manoman karkara hukunci ba. Suna da wata hujja mai nauyi: rikicin ƙirga yana tsayawa a jiha ɗaya ko biyu. Ki ƙaddara tazarar ƙasa baki ɗaya ta zo ƙanƙanuwa, a ce sai an sake ƙirga ƙuri'u sama da miliyan 150 a jihohi 50 masu dokokin zaɓe daban-daban. Wannan ba hujjar rainawa ba ce.

Sai dai batun kare ƙananan jihohi, a ganina, bai riƙe ruwa sosai ba. Gaskiya ne ƙuri'ar ɗan Wayomin ta fi ta ɗan Kalifoniya nauyi, domin mutum ƙasa da 600,000 ke da wakilai 3, can kuma kimanin miliyan 39 ke da 54, nauyin ya ninka fiye da sau uku ke nan. Amma 'yan takara ba sa zuwa Wayomin neman ƙuri'a, tunda an san ta jam'iyyar Rifablikan ce tun kafin a buga ganga. A 2024 kusan duk yaƙin neman zaɓen a jihohi bakwai na raba gardama ya ƙare: Pensilbaniya, Mishigan, Wiskonsin, Jojiya, Arizona, Nebada da Karolina ta Arewa. Asarar kuma ba ta jam'iyya ɗaya ba ce. A 2020 Trump ya samu ƙuri'u kusan miliyan 6 a Kalifoniya, fiye da abin da ya samu a kowace jiha, amma ba su kawo masa wakili ko ɗaya ba. Wannan ɗabi'a ta mai nasara ya kwashe duka ba ta cikin kundin tsarin mulki ma, jihohi ne suka ɗauke ta da kansu don ƙara wa jam'iyyar da ke da rinjaye a cikinsu ƙarfi.

Damuwar kada yanki ɗaya ya naɗa wa kowa shugaba ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Najeriya ta bi wata hanya: ƙuri'ar jama'a kai tsaye, da sharaɗin samun kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Ita ma ba ta tsira daga shari'a ba. A 1979 Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12 cikin 19, a Kano ya samu kusan kashi 20, sai da Kotun Ƙoli ta raba gardamarsa da Obafemi Awolowo a kan lissafin nan na goma sha biyu da biyu bisa uku, wato kashi biyu bisa uku na jihohi 19.

Game da abin da ya hana gyara, gyaran kundin Amurka na buƙatar kashi biyu bisa uku na majalisun biyu, sannan jihohi 38 su amince. An kusa a 1969, bayan George Wallace, ɗan takarar da ba na manyan jam'iyyun biyu ba, ya kwashi wakilai 46 a zaɓen 1968 har aka tsorata cewa ba wanda zai kai 270. Majalisar wakilai ta amince da soke tsarin da ƙuri'u 338 da 70, amma sanatocin Kudu da na wasu ƙananan jihohi suka daƙile ƙudirin a 1970. Yanzu abin ya koma na jam'iyya, domin duka lokuta biyun na baya-bayan nan Rifablikan ne suka ci gajiya, kuma wanda ke cin moriyar abu ba ya gaggawar rusa shi.

Don haka masu neman canji suka zagaya ta bayan gida. Tun daga Maryland a 2007, wasu jihohi sun shiga yarjejeniyar ba da wakilansu ga duk wanda ya ci ƙuri'ar ƙasa baki ɗaya, ko da ya faɗi a jiharsu. Ba za ta fara aiki ba sai jihohin da suka sa hannu sun haɗa wakilai 270. Ya zuwa 2024 jihohi 17 da Washington sun shiga, da wakilai 209, kusan dukkansu inda Dimokurat ke da ƙarfi. Ragowar sai an nemo su daga jihohin Rifablikan ko na raba gardama, kuma ko an samu, sai an je kotu a kan ko jihohi na da hurumin ƙulla irin wannan yarjejeniya ba da sahalewar majalisar tarayya ba.