Mata Masu Dubara: daga ina jarin yake fitowa?

Tambaya: Ni ce shugabar mata a wani ƙauye kusa da Mirya, cikin jahar Damagaram a Nijar. Muna jin labarin asusun Mata Masu Dubara, kuma an ce ƙungiyar CARE ce ta kawo shi. Mene ne asalin wannan ƙungiya, kuma idan muka haɗa kai za ta ba mu jari?

Amsa: Hajiya, CARE ƙungiyar agaji ce mai zaman kanta da aka kafa a Amurka a 1945 domin aika abinci zuwa Turai bayan yaƙin duniya na biyu. Ta shigo Nijar a 1974, lokacin farin da ya karkashe dabbobi ya bar rumbuna wayam. A 1991 ta fara shirin Mata Masu Dubara a jahar Maradi, daga can ya bazu zuwa Damagaram da sauran jahohi, har ƙasashe da dama suka kwaikwaya.

Game da jari kuwa, gara ki faɗa wa matanki gaskiya tun yanzu: tsarin bai ginu a kan kuɗin waje ba. Abin da ƙungiyar ke bayarwa shi ne horo, kuɗin kuma daga bakin zanenku zai fito. Mata kamar ashirin zuwa talatin ne ke zama kowane mako, kowace ta zuba abin da aka amince a kai, ko da dala ashirin ce, wato sefa ɗari, a cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban, kuma ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Bambancinsa da adashi shi ne ba a kwasa bi da bi. Kuɗin yana zama a asusu, mai tuyar ƙuli-ƙuli ko mai kiwon akuya ta ci bashi, ta biya da ɗan ƙari, sannan a raba uwar kuɗi da riba bayan kusan shekara. A ganina rabon ya fi amfani gab da damina, lokacin da ake neman iri kuma tiyar hatsi ta yi tsada a kasuwar Dole ta Damagaram.

Batun ƙarin nan yakan jawo gardama ta fuskar addini, don haka ku zauna da malamanku kafin ku tsayar da doka. Ku kuma yanke tun ranar farko abin da za a yi wa wadda ta kasa biya, musamman idan maigida ne ya karɓe bashin daga hannunta.