Tambaya da Amsa: Littafin da ya manta da mamaciya

Assalamu alaikum Anti. Ƙawata ce ta tallata mini wani littafi a WhatsApp, na biya kuɗi aka turo mini. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 14 da mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa. Ni ma bara na rasa Ummata, shi ya sa na yi ɗokin karantawa. Amma ana gama sadakar bakwai aka daina ambaton uwar. Sai muguntar kishiyar uwa, sai wani ɗan masu kuɗi da ya tsayar da mota ya ce yana son ta. Kowa sai yabawa yake, ni kuwa haushi ya ishe ni. Ko ni ce ban iya karatu ba?

Daga wata mai karatu a Gusau

Wa alaikumussalam ƙanwata. Allah ya jiƙan Umma, ya kai haske kabarinta.

Kin iya karatu sarai. Marubuciyar ba labarin rashi ta zo bayarwa ba, ta kashe uwar ne kawai don yarinyar ta shiga wahala, mai mota ya samu wadda zai ceta. Wadda ke sakin shafi kullum, masu karatu suna mata ca a kan yaushe za a ɗaura aure, ina ta ga lokacin zama da maraici?

Ke kuwa kin san ba ranar jana'iza abin yake fi ciwo ba. Sai an naɗe tabarmin zaman makoki an mayar wa maƙwabta, dangi sun watse, an zo rabon gado, kin ga zanen da take sallah da shi a hannun wata gwaggo. Ko ki ɗauki waya za ki kira ta ki tambayi yawan daddawar miya. Wannan kika je nema, ba ki samu ba, dole ki ji haushi.

Mu ma dai da namu laifin, da mutum ya fara hawaye sai a ce "yi haƙuri, addu'a take buƙata". Marubuta a cikinmu suka tashi.

Ba dole ki ƙarasa shi ba. Nemi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Ɗan ƙarami ne. Yaro aka raba da uwarsa, ta bi sahara tana nemansa har ta faɗa hannun masu cinikin bayi, suna haɗuwa kuma ba ta daɗe ba ta cika. Ki karanta a hankali, in zai yiwu da wata 'yar'uwa kusa da ke.