Tambaya da Amsa: Jirgin Blenheim da ke kwance a ƙasan tekun Malta

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin jiragen Turawa da suka riƙa sauka a Kano zamanin yaƙin Hitila. Kwanan nan na ga hoton wani jirgi mai suna Blenheim kwance a ƙasan teku kusa da tsibirin Malta. Irinsa ne suka riƙa sauka a nan? Me ya kai shi can?
Mai karatu daga Fagge

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kaka, gaskiya ya faɗa muku, Malam. Irinsa ne.

Da Italiya ta shiga yaƙin a watan Yunin 1940, Faransa kuma ta faɗi, sai Bahar Rum, tekun da Malta take ciki, ya zama ba ya biyuwa ga jiragen ruwan Ingila. Dabarar da aka yi ita ce a kawo jiragen sama a kwance cikin akwatuna zuwa Takoradi ta Gwalkwas, Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yau) da Khartoum har Masar. Ayarin farko ya tashi a Satumbar 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Blenheim ne yakan yi jagaba, domin yana da mai duba taswira, su kuwa ƙananan jiragen Hurricane mutum ɗaya ne a ciki. In hazo ya sauko, wanda ya ɓace wa jagaba ya shiga uku. Ƙurar hanyar kuma tana cin inji, har sai an yi wa da yawa garambawul kafin su shiga fagen daga.

Kamfanin Bristol ne ya ƙera shi, ya fara aikin soja a 1937. Injinansa biyu ne, samfurin Mercury, kowanne da silinda 9 a jere kewaye, iska ce ke sanyaya su. Mutum uku yake ɗauka: matuƙi, mai taswira da ke sakin bom, da mai rediyo da ke riƙe da bindigar baya. Bom ɗin da yake ɗauka kusan kilo 450 ne. Lokacin da ya fito ya fi jiragen farauta da yawa gudu, amma zuwa 1941 zamani ya wuce shi: ba sulke mai kauri, bindigogi kaɗan, gudunsa bai fi kilomita 430 a awa ba. A ganinmu an daɗe ana tura samari cikinsa bayan an san ya gaza, kuma an yi asarar rayuka masu yawa.

Na Malta ɗin ba ta Kano ya bi ba. Na runduna ta 18 ta sojan saman Ingila ne, wadda ta je tsibirin daga Ingila ta Jibralta. Ranar 13 ga Disamba 1941 aka tura shi kai hari wajen tsibirin Kefaloniya na Girka, jirgin farautar Italiya ya harbe masa injin hagu. Matuƙin ya lallaɓo shi da inji ɗaya har gab da Malta, ya kwantar da shi a kan ruwa, dukansu uku suka tsira. Yana nan kudu maso gabashin tsibirin, a zurfin mita 42, zaune kan yashi. Fukafukai da injinan suna nan, na hagu ba farfela, gangar jikin ta baya kuwa ta karye.

Tambaya: Me ya hana a ciro shi a kai gidan tarihi?
Mai karatu daga Gwammaja

Amsa: Malama, cirowar ce ke kashe shi. Jikin jirgin alminiyam ne da aka gauraya da jan ƙarfe don ya yi ƙwari. A ruwan gishiri, duk inda alminiyam ya haɗu da baƙin ƙarfe, kamar wajen ƙusoshi da maɗaurin inji, sai wata 'yar wutar lantarki ta riƙa gudana tsakaninsu, alminiyam ɗin ne kuma ke narkewa. Abin da ke rage saurin ɓarnar shi ne ɓawon da halittun teku suka lulluɓe shi da shi. Da zarar an fito da shi ya sha iska, gishirin da ya shige cikin ƙarfen sai ya bushe ya kumbura, fatar jirgin ta riƙa ɓarewa kamar albasa, ta koma farin gari.

An gwada a Ingila. A Yunin 2013 aka ciro jirgin Jamus samfurin Dornier 17 daga ƙasan teku a Goodwin Sands, aka kai shi gidan tarihin sojan sama na Cosford, aka daɗe ana fesa masa ruwa mai sinadarin tsamin lemo don a wanke gishirin. Aiki ne mai cin kuɗi da shekaru. Shi ya sa masana da yawa suka fi son a bar irin waɗannan inda suke, a ɗauki hotunansu dalla-dalla, a hana masu ɓalle kaya. Mu ma ra'ayinmu ke nan.

Tambaya: Ina iya iyo sosai a Tiga. Zan iya nutsawa in gan shi?
Mai karatu daga Kabuga

Amsa: Iya iyo bai isa ba, ɗan'uwa. A mita 42 nauyin da ke kanka ya ninka na doron ƙasa sau biyar, don haka tukunyar iskar da kake shaƙa tana ƙarewa da sauri ninki biyar. Iskar nitirojin tana juya kai kamar maye, tana kuma taruwa a jini. Da iska ta yau da kullum, zaman da aka yarje maka a ƙasa bai kai minti 10 ba. In ka wuce haka dole ka riƙa tsayawa zango-zango wajen fitowa, in ba haka ba iskar ta yi kumfa a jijiyoyi, ta jawo shanyewar jiki ko mutuwa. Iyakar masu nutson shaƙatawa mita 40 ce, saboda haka sai ka samu takardar horon nutso mai zurfi, ka tafi da ƙwararren jagora a jirgin ruwa, ka kuma bar kwana guda tsakanin nutson da hawa jirgin dawowa gida.