Warin ɗakin kaji: akwai na'ura mai araha da za ta auna shi?

Tambaya: Ina kiwon kaji a Zariya. Da hunturu nakan rufe ɗakin da leda saboda sanyi. Baƙo in ya shiga sai idonsa ya yi ta hawaye, ni kuwa ba na jin komai. An ce akwai na'urar auna wannan warin. Talaka zai iya saye? Kuma abin dogaro ce?

Amsa: Malam, ka gode wa baƙon nan, don idonsa ya gaya maka gaskiyar da hancinka ya daina faɗa. Iskar amoniya ce. Tana tashi ne daga kashin kaji idan shimfiɗa, ko buntun shinkafa ko garin katako, ta jiƙe ta ɗumama. Mai shiga ɗakin kullum hancinsa kan saba. Huhun kaza ba ya sabawa. Ƙa'idar ita ce kada ta wuce kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗakin, abin da za ka ga an rubuta 25 ppm. Daga nan sai mura, rashin cin abinci, girma ya tsaya, in ta yi yawa har ido ta ɓata.

Na'ura mai araha akwai. Ɗaya daga cikin waɗanda ɗalibai da masu haɗe-haɗe ke amfani da su ita ce MQ-137, 'yar ƙarama kamar murfin kwalba, a jona ta da ɗan ƙaramin allon kwamfuta irin su Arduino ko ESP32 ta yi ƙara ko ta turo saƙo a waya. A cikinta akwai sinadarin kuza da 'yar wayar lantarki ke gasawa. Amoniya na taɓa shi sai yadda lantarki ke ratsa shi ya canza. Matsalarta kunnen ƙashi. Zafi da danshi suna karkatar da lissafinta, hayaƙin gawayin da kake ɗumama 'yan tsaki da shi yana iya ruɗa ta, ƙurar ɗakin kuma ta toshe mata raga. Sabuwa ma sai ta kwana ɗaya ko biyu a kunne kafin ta nutsu.

Na'urori masu tsada, waɗanda ke aiki da ruwan sinadari, sun fi faɗin gaskiya, amma zama cikin amoniya dare da rana yana cinye su. Shi ya sa masu bincike suka duƙufa a kan wata irin roba mai ɗaukar lantarki, foliyanilin, wadda ba ta buƙatar gashi, don haka ba ta shan batir sosai.

Ni a ganina, ka ɗauki mai arahar a matsayin maigadi, ba ma'auni ba. Lambar da ta nuna kada ka rantse da ita. Hawa da saukarta za ka lura. Lokaci-lokaci ka gwada ta da takardar gwajin amoniya, wadda ke sauya launi.

Ka rataye ta daidai tsayin kan kaza, ba saman ƙofa ba, nesa da murhu. Ka duba ta da asuba, kafin a ɗage leda. In ta yi kuka, buɗe ledar ta sama, ka duba ƙarƙashin mazubin ruwa. Damƙi shimfiɗar wurin a hannunka: in ta dunƙule ta ƙi warwatsewa, kwashe ta ka zuba busasshiya.